Na Sa Kali Linux, To Daga Nan Sai Ina?

Tambaya: Ina da sha'awar tsaron kwamfuta da ƙirƙire-ƙirƙire. Na sa Kali Linux a tsohuwar kwamfutata, amma kayan aikin da ke ciki sun yi mini yawa, na rasa ta inda zan kama. Wani abokina ya ce in fara gwaji a kan Wi-Fi ɗin maƙwabta. Ya kuke gani?

Amsa: Shawarar abokin naka ka bar ta inda ka ji ta. Kutsawa na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne a dokokin ƙasashe da dama, kuma "ai gwaji nake yi" ba ya wanke mutum a gaban alƙali.

Shi kuwa Kali, wanda kamfanin Offensive Security ya fitar a 2013, tsarin sarrafa kwamfuta ne mai ɗauke da kayan gwada tsaro, akwatin kayan aiki ne na waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa. Wanda bai taɓa kafa sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima) da kansa ba, ko Nmap, manhajar binciken layi, ya jero masa lambobin ƙofofin da ke buɗe a na'ura, ba abin da zai tsinta a ciki. Ni a ganina, gini za ka fara, fasawa ta biyo baya.

Ka sa Debian ko Ubuntu, wasu nau'o'in Linux, a kwamfutar, ko a 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi in kana da ita, ka ɗora manhajar tare talla ta Pi-hole. Ka ga ka kafa sabar ke nan. Duk sanda wayarka za ta buɗe shafi, sai ta tambayi DNS, wato kundin adireshin shafukan intanet, adireshinsa. In ka saita wayar ta riƙa tambaya ta wurinsa, Pi-hole a tsakani yake tsayawa, in sunan na masu talla ne ko masu bibiya, ya tare. Amma darasin yana cikin rajistarsa. Ajiye wayar, allo a kashe, ka zuba ido: sunaye za su yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, manhajojin da ko taɓa su ba ka yi ba suna ta aika saƙo gida. Nan mutum yake fara gane abin da ke kai-komo a layinsa.

Sai ka koyi shiga sabar ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa a asirce, ka yi makullin SSH da zai maye gurbin kalmar sirri, ka kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya. Kada ka raina wannan. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rawuta ba da wata gagarumar dabara ba, kalmomin sirri kusan 60 da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta kawai take gwadawa. A Oktoban shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kame aka danne Dyn, kamfani mai hidimar DNS, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga mutane da yawa a Amurka.

Yanzu ne Kali zai yi maka rana. Sa VirtualBox, manhajar da ke kunna wasu kwamfutoci a cikin kwamfutarka, ka tayar da Kali a gefe guda, Metasploitable a ɗaya gefen. Shi Metasploitable nau'in Linux ne da aka cika da ɓaraka da gangan domin masu koyo. Kunna Wireshark, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a layi, ka shiga Metasploitable ta Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, za ka ga kalmar sirrinka ƙuru-ƙuru tana wucewa. Maimaita ta SSH, ba abin da za ka iya karantawa. In kana son gasa, akwai Bandit na OverTheWire da picoCTF, duk an halatta kutse a cikinsu.

Sharaɗi ɗaya: Metasploitable ya zauna a keɓaɓɓen layin da ke cikin kwamfutarka kaɗai. Kada ka haɗa shi da rawutar gida, balle ka buɗe masa ƙofa zuwa intanet.