Ga ɗan'uwan da ke tambaya ko ya bar aikinsa domin ya yi zaman tsarki

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ƙanena, ka ce ba ka daɗe da yin baftisma ba, kana aiki a ofishin da ake ƙara kuɗi a kan rasit, in an tashi a zarce mashaya, hira kuma ba ta wuce ta mata da abin duniya. Wani ya karanta maka 2 Korantiyawa 6:17, inda aka ce a fito daga cikinsu a keɓe, ya ce ka ajiye aikin, ka yanke hulɗa da tsofaffin abokanka. Shi ne kake tambaya ko haka ake zaman tsarki.

Kada ka rubuta takardar barin aiki tukuna. Ba wai ina raina abin da ake yi a wurin ba ne. Na daɗe ina aikin akawu a sito, na san yadda rasit yake kumbura daga wannan tebur zuwa wancan, na kuma san nauyin da mai bi yake ji a ƙirji idan takardar ta iso gabansa. Amma wanda ya ba ka ayar nan ya tsaya a wuri ɗaya, bai juya shafi ba. Bulus ɗin da ya rubuta ta, shi ne ya rubuta wa mutanen Koranti ɗin nan a 1 Korantiyawa 5:9-11 cewa da ya hana su cuɗanya da fasikai, ba fasikan duniya da masu kwaɗayi da mazambata yake nufi ba, don in haka ne sai dai su fita daga duniyar gaba ɗaya. Wanda ya ce a guje wa shi ne mai kiran kansa ɗan'uwa alhali yana aikata waɗannan abubuwa. Ka ga abin ya juye ke nan: tsananin da mukan kai waje, Bulus cikin gida ya ajiye shi. Ita ayar da aka karanta maka kuwa, in ka hau aya ɗaya sama za ka ga maganar haikalin Allah da gumaka ake yi, wato haɗa kai da abin da zai raba ka da Ubangiji. Ba ta hana zama ofis ɗaya da marar bi ba.

Ubangiji kansa, a daren da aka bashe shi, ya yi wa almajiransa addu'a a Yahaya 17. A aya 15 ya ce ba ya roƙo a ɗauke su daga duniya, sai dai a kiyaye su daga Mugun. A aya 18 kuma ya ce kamar yadda Uba ya aiko shi duniya, haka shi ma ya aike su. Wanda aka aika wuri ba ya gudu daga wurin. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka 3 suna tambaya me za su yi, bai ce su ajiye aiki ba, ko da yake ayyukan biyu sun yi ƙaurin suna wajen zalunci. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su ƙwace na kowa, kada su yi wa kowa ƙazafi, albashinsu ya ishe su.

Wurin da nake so ka zauna ka karanta a natse shi ne Littafin Firistoci sura 19. Yawancinmu mun haddace maganar nan ta ku zama tsarkaka gama ni mai tsarki ne, wadda Bitrus ya maimaita a wasiƙarsa ta fari, 1:16. Kaɗan ne suke bin surar su ga abin da Allah ya jera a ƙarƙashinta. Ya ce in ka yi girbi kada ka share gonar kakaf, ka bar wa matalauci da baƙo abin kala. Ya ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Kada ka yi son kai a shari'a, ko don tausayin talaka ko don ganin idon babba. Kada ka riƙa yawo da tsegumi cikin jama'a. Ma'auninka ya zama na gaskiya. A tsakiyar surar ne kuma, aya 18, aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Duba da kyau, babu ɗaya cikin waɗannan da mutum zai iya cikawa yana kulle a ɗaki shi kaɗai. Sai da ɗan ƙodago, da makaho, da abokin ciniki. Ofishin da kake so ka gudu daga cikinsa, shi ne filin da za a auna tsarkin naka.

Ga yadda abin yake zuwa, don ba ya zuwa da ƙaho. Ɗan kwangila zai kawo kaya, a ƙirga a ga ba su cika ba. Takardar karɓa kuwa an riga an rubuta cikakken adadi, manya biyu sun sa hannu, saura naka. Babu mai ce maka ka yi sata. Cewa za a yi, "Sa hannu mana, ragowar na tafe." Da yamma sai ka buɗe aljihun tebur ka tarar da ambulan babu suna. Abin da na saba yi shi ne in rubuta adadin da idona ya gani a gefen takardar, in sa hannu a ƙarƙashin nawa rubutun, ambulan kuma in mayar wa wanda na san shi ya ajiye, mu biyu kaɗai, in ce masa na gode amma ba na karɓa. Ba wa'azi, ba jan aya, ba tara mutane. Wanda ya ƙi cin hanci da hayaniya, sau da yawa yabo yake nema, su kuma abokan aikin suna ganewa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da yake ci. Za a sa maka suna "Fasto", ba don girmamawa ba. In ka shigo, hira ta mutu. Za a iya tsallake ka wajen ƙarin girma, ko a mayar da kai sashen da babu kowa sai ƙura. Na san wani dattijo a ikilisiya da aka sallama daga aiki a kan irin wannan, bai kuma sāke samun kamarsa ba har ya tsufa. Masu ba da shaida sun fi son labarin da yake ƙarewa da ɗaukaka, amma Ibraniyawa 11 ta lissafta waɗanda suka rufe bakin zakoki, ta kuma lissafta waɗanda aka jajjefe, duka a jeri ɗaya na masu bangaskiya.

Daniyel ya fi kowa taimakona a wannan. An kwashe shi zuwa Babila yana saurayi. An sa shi makarantar Kaldiyawa, wato mutanen Babila, ta shekara 3, ya koyi harshensu da littattafansu, bai ƙi ba. An sāke masa suna, an ba shi aiki a fadar sarkin da ya ci ƙasarsa da yaƙi, ya yi aikin. A wuri ɗaya ya ja layi, wato abincin sarki da ruwan inabinsa, kuma Daniyel 1:8 ta ce ya ƙudura a ransa ne, ma'ana ya yanke shawarar tun kafin a ajiye masa akushi. Ko a nan ma bai yi taurin kai ba. Roƙo ya yi, ya ce a gwada su kwana 10 a gani. Da ya tsufa, maƙiyansa suka bincike aikinsa a sura 6 suka rasa abin kamawa, sai addu'arsa ta sau 3 a rana. To kai ma ka zauna tun yanzu, kafin ranar ta zo, ka san inda layinka yake. Wanda ya bari sai ambulan ta shiga hannunsa sannan ya fara tunani, ya makara.

Kada kuma ka ɗauki maganata ta zama lasisi. Wanda ya ba ka shawarar nan yana da gaskiya ta wani gefe, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, Bulus ma ya faɗi kusan haka a 1 Korantiyawa 15:33. Yusufu bai tsaya muhawara da matar maigidansa Fotifar ba sa'ad da ta neme shi da lalata, rigarsa ya bari ya fita da gudu. Idan giya ce ta riƙe ka kafin ka tuba, ba ka da abin yi a mashaya, ko da lemo za ka ce za ka sha, ko da sunan bishara za ka je. Na ga samari da yawa da suka ce za su je su jawo abokansu, abokan suka jawo su. Ba kuma a dare ɗaya ba. Da fari mutum zai daina zuwa addu'ar tsakiyar mako, sai ya koma zaman bencin baya, sai ya fara ganin laifin kowane wa'azi. Dimas abokin aikin Bulus ne, sunansa na cikin masu gaisuwa a Kolosiyawa 4:14, amma a 2 Timoti 4:10 Bulus ya ce ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan. Wani kuma ba mashaya ce matsalarsa ba, wayar da ke hannunsa ce bayan kowa ya yi barci. Wannan ko ya bar aiki goma, tana aljihunsa.

Akwai wani rami a ɗaya gefen, wanda masu himma irinka suka fi faɗawa. Lokacin da nake taimakawa a zumuntar matasa, na lura duk sanda aka ce za a yi magana a kan tsarki, sai tambayoyi su koma kan tsawon siket, da ɗan kunne, da aski, da irin kiɗan da ya halatta. Kamun kai a sutura koyarwa ce ta Littafi Mai Tsarki, ban musa ba, kuma in ikilisiyarku tana da ƙa'ida ka bi ta da ladabi. Amma waɗannan su ne masu arha. Yarinya za ta iya cire ɗan kunne cikin minti ɗaya, ta yi shekara ba ta gaisa da wadda suke waƙa tare a ƙungiyar mawaƙa. Yesu ya ce a Markus 7 abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciya yake fitowa, ya kuma sa hassada da girman kai da ɓata suna a jeri ɗaya da zina da kisankai. Bulus a ƙarshen Kolosiyawa 2 ya ce dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, suna da kamannin hikima, amma ba su da ƙarfin hana sha'awar jiki. Bafarisiyen nan mai tsananin bin doka, wanda ya je addu'a Haikali lokaci ɗaya da mai karɓar haraji a misalin Yesu na Luka 18, yana azumi sau 2 a mako, yana ba da zakka, duk gaskiya ya faɗa, amma mai karɓar harajin ne ya koma gida baratacce. Ranar da ka fara duban abokan aikinka kana jin ka fi su, ka sani duniyar da ka kora ta ƙofa ta dawo da rigar sujada.

Ba yau aka fara tunanin gudu ba. Antoni na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 356, ya bar dukiyarsa ya shiga hamada. Saminu na Suriya, wanda ya rasu a 459, ya yi fiye da shekara 30 a kan ginshiƙi. Ba na yi musu dariya, sun fi ni ƙin jin daɗin jiki nesa ba kusa ba. Amma Antoni bai tsira daga jaraba a hamadar ba, can ma ta fi tsananta masa, Saminu kuwa jama'a suka bi shi har gindin ginshiƙin da matsalolinsu. Hanyar da na ga ta fi amfanar mutum mai aiki da iyali ita ce irin ta mai wa'azi John Wesley a Ingila. Daga 1742 mabiyansa suka riƙa haɗuwa ƙungiya-ƙungiya, mutum wajen 12, kowane mako, ana tambayar kowa yadda ransa yake tafiya. Nemi mutum biyu ko uku masu bi, waɗanda suka girme ka a bangaskiya kuma bakinsu yana da marfi, ka ba su izinin yi maka tambayar da ba ka so. Ka faɗa musu zancen rasit ɗin nan da bakinka. Abin da aka faɗa a fili ƙarfinsa yakan ragu.

Ka kuma riƙe wannan, don sababbin masu bi sukan karaya a nan. Bulus ya buɗe wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa yana kiransu tsarkaka, alhali ikilisiya ce mai tsattsaguwa, masu kai juna kotu, har da masu buguwa a wurin Jibin Ubangiji. Ya fara da abin da Almasihu ya riga ya mai da su, sannan ya tsawata musu su yi zaman da ya dace da shi. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Saboda haka in ka yi tuntuɓe, kada ka ɓuya wata uku kana jiran ka gyaru kafin ka dawo sujada. Ka furta a ranar, bisa ga 1 Yahaya 1:9, in akwai abin mayarwa ka mayar.

Game da aikin, akwai lokacin da barinsa yake zama dole: idan aka ce maka a fili ko ka sa hannu a kan ƙarya ko ka tafi, ko kuwa ka ga ainihin aikin gaba ɗaya zamba ce, babu gefen da za ka tsaya da gaskiya. Ko a nan ma ka fara zama da fastonku ko wani dattijo, ka soma neman wani aikin tun kana wannan, musamman in akwai masu ci a hannunka, don 1 Timoti 5:8 ba ta yi wa wanda ya ƙi kula da iyalinsa sauƙi ba. Tsofaffin abokanka kuma kada ka goge lambarsu. Ka sauya wurin haɗuwa da lokacinsa: gidanka ko nasu, da rana. In ɗayansu ya kwanta asibiti ko aka yi masa rashi, ka riga kowa zuwa. In sun tambaye ka me ya hana ka fita da su yanzu, ka gaya musu gaskiya cikin jimla biyu, ka bar su su yi tambaya ta gaba in suna so.