Fatawa: Ya halatta in ba da mabiyiyata a raini ƙwayoyinta don bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe, cikina wata takwas. Ranar da na je awo, wata likita ta raba mana takarda, ta ce mai so ta sa hannu, idan ta haihu za a yanki kaɗan daga mabiyiya a raini ƙwayoyin halittarta a ɗakin gwaje-gwaje don nazarin ciwon jijjiga. Ni raina ya kwanta, domin jijjiga ce ajalin yayata. Amma uwar mijina ta ce sam, mabiyiya binne ta ake yi. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan yayarki, ke kuma Ya sauke ki lafiya.

Ya halatta, 'yar uwa, da sharuɗɗan da zan faɗa. Amma bari mu fara sanin abin da ake yi, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

Mabiyiya ita ke ciyar da ɗan tayi, ta kai masa iska da abinci daga jinin uwa. Likitoci sun tabbatar cewa tushen jijjiga daga nan yake: idan mabiyiya ba ta kafu da kyau a bangon mahaifa ba, jinin mai ciki ya hau, ƙafa da fuska su kumbura, daga nan sai faɗuwa. Wahalar ita ce ba a iya leƙa mabiyiya tana cikin aiki a gwada mata magani, don hakan wasa da rai biyu ne, mabiyiyar ɓera kuwa, da akan yi gwaji da ita, gininta ya bambanta da na ɗan Adam. Duniya ta ɗanɗana kuɗarta da maganin talidomaid, wanda aka riƙa ba masu ciki har zuwa 1961, aka haifi dubban yara da naƙasassun hannaye da ƙafafu. Shi ya sa masana suka nemi wata hanya. A 2018, masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka raini ƙwayoyin mabiyiya a cikin ɗan faranti, suka dunƙule suka zama wani ɗan ƙanƙanin nama mai kwaikwayon aikinta, har yana fitar da sinadarin da abin gwajin ciki ke ganowa. Wannan nama ba ɗan tayi ba ne, ba shi da rai irin na mutum, kuma ba zai taɓa zama jariri ba. A kansa ake gwada magani maimakon jikin mace.

Maganar Hajiya, uwar mijinki, kada ki raina ta. Mun tashi mun ga ungozoma tana wanke mabiyiya tsaf, ta tona rami a bayan ɗaki ta rufe ta, ba a barin kare ko kaza su kusance ta. Wannan al'ada tana da asali a addini. Allah Ya ce: "Lalle Mun girmama 'ya'yan Adam" (Isra'i: 70), malamai kuma sun so a binne abin da ya rabu da jikin mutum. Sai dai mustahabbi ne, bai kai wajibi ba. Hadisin da ake kawowa cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a binne abubuwa bakwai, har da gashi da farce da mabiyiya, malaman hadisi sun raunana shi. Imanin cewa wanda ya riƙe mabiyiyar yaro ya riƙe ƙaddararsa kuwa, wannan ba shi da tushe ko kaɗan.

A ɗaya gefen, Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Maganin kuwa sai an neme shi. Idan mustahabbi ya ci karo da maslahar tsare rai, tsare rai ke gaba. Kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta tsaya a zamanta na 17 a Makka a 2003: ta halatta ɗaukar ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin halittar da sauran ƙwayoyin jiki ke samuwa daga gare su, daga mabiyiya ko igiyar cibiya don magani ko bincike na halal, da izinin iyaye.

Ki lura, "iyaye" aka ce. Ƙwayoyin mabiyiya daga ɗan tayi suka tsiro, gadon halittar da ke cikinsu na jaririnki ne, rabi daga gare ki, rabi daga ubansa. Saboda haka sa hannunki kaɗai bai wadatar ba, sai maigidanki ya yarda. Yardar kuma ta zama ta wanda ya fahimta: a karanta muku takardar da Hausa, a faɗa muku ina za a kai, har yaushe za a ajiye, ko za a fitar da ita waje, kuma a ɓoye sunanku. Ina nanata wannan ne don abin yana ci mini rai. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin jikin wata baƙar fata, Henrietta Lacks, a Amurka ba da saninta ba, har yau ana amfani da su, danginta sai bayan shekaru fiye da 20 suka ji labari. Mu nan kuma ba mu manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. In aka ƙi amsa muku tambaya, ko aka nuna kulawar da za a ba ki ta rataya ga sa hannun, ki ajiye biron.

Kada ku karɓi kuɗi a matsayin farashinta, sashen jikin ɗan Adam ba haja ba ne. Kada kuma a gaggauta haihuwa ko a yi tiyatar da ba ta zama dole ba don samun ta.

Akwai wani gefe da ya shafi masu binciken, tunda na san ɗalibanmu na likitanci a Gombe da Bauchi suna karanta wannan fili. Aikin Kambirij an yi shi ne da mabiyiyar farkon ciki, daga cikin da aka zubar. Mu a mazhabar Malikiyya, zubar da ciki ba ya halatta ko kafin kwana 40, kuma majalisar Makka ta haramta ɗaukar ƙwayoyi daga cikin da aka zubar da gangan ba tare da uzurin da shari'a ta yarda da shi ba. Ɓarin da ya zo da kansa, ko wanda aka yi don ceton ran uwa, ɗaukar ƙwayoyi daga gare shi ya halatta da izinin iyaye. Taki kuwa mabiyiyar da ta biyo bayan haihuwa ce, ba wannan shubuha a cikinta.

Shawarata game da gida: ku roƙi likitar ta yanki abin da take buƙata, wanda ba shi da yawa, ta naɗe muku sauran ku kawo wa Hajiya ta binne da hannunta kamar yadda ta saba. Maigidanki ne ya kamata ya zauna da ita ya yi mata bayani, ba ke ba. Idan kuma duk da haka abin zai jawo ɓaraka, kika fasa, babu zunubi a kanki, domin bayarwar sadaka ce, ba farilla ba.

Wallahu a'alam.