Tambaya da Amsa: Baƙon tsiro a bayan ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani tsiro ya fito mana a gindin katanga, ba mu muka shuka ba. Ganyensa fala-fala ne masu kauri, kamar an barbaɗa musu toka, furen kuma fari ne da shunayya a bakinsa. Idan aka tsinki ganye sai farin ruwa ya fito. Maigida ya ce a sare, ni kuwa furen yana burge ni. Mene ne, kuma in bar shi? Daga Maman 'yan biyu, Gusau.

AMSA: Wa'alaikumussalam, 'yar uwa. Tumfafiya ce ta yi miki sallama. Ki jira kaɗan, za ta yi 'ya'ya kore, kumburarru, cikinsu iska. Muna yara mukan taka su don mu ji sun yi fus. In sun bushe sai su tsage, irin ya tashi da farar audugarsa. Haka iska ta kawo miki naki.

Kula da ita ba wuya. Rana take so, ba ta son ruwa ya kwanta mata, taki ma ba ta nema, shi ya sa take cika kufai da gonar da ta gaji. Kada ki ce za ki mayar da ita wani wuri, saiwarta tana nitsawa ƙasa sosai, dashe ba ya karɓar ta. Tana iya kai mita 3 ko fiye, don haka ki riƙa rage rassan, ki cire 'ya'yan tun suna ɗanye, in ba haka ba baɗi tsakar gidan duk ita ce. In kin ga tsutsa mai zane-zane tana cin ganyen, ƙyale ta, malam-buɗe-littafi ce za ta zama.

Sai dai ki duba maganar maigida da kyau. Wannan nonon dafi ne. Na taɓa sare reshe na manta na murza ido, kwana biyu ina gani dishi-dishi. In ya shiga idon yaro, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a wuce asibiti, kada a tsaya ɗiga wani abu. In za ki taɓa ta, ki sa leda a hannu.

In 'yan biyun nan suna rarrafe ko sun fara tafiya, ni dai da zan tone ta har saiwa, don in sarewa kawai aka yi za ta sake tohowa. Ki sa lalle a gurbinta, furensa ma ya fi ƙamshi.