Ina Megabait 256 Ɗina Suka Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da saba, wato babbar kwamfutar wata 'yar makaranta, mai RAM gigabait 8, na ɗora mata Rocky Linux 9. Da na leƙa /proc/iomem sai na ga an killace megabait 256 da sunan "Crash kernel", babu mai taɓa su. Abokin aikina ya ce asara ce kawai. In cire? Daga wani ɗalibinka a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka cire, don Allah.

Kanel ita ce zuciyar Linux, ita ke raba wa kowace manhaja wuri da lokaci. Ranar da ta rikice ta faɗi, duk bayanin abin da ya kashe ta yana kwance cikin RAM, kuma da zarar ka sake kunna na'urar ya tafi ke nan. To wa zai kwashe shi? Ita mai faɗuwar ba abin yarda ba ce, hankalinta ya riga ya gushe. Shi ya sa tun wajen 2005 aka shigo da tsarin kdump: ana loda wata kanel ta biyu a ajiye ta gefe tana jira. Ta farko na faɗuwa, kexec, wato tsarin da ke tada wata kanel kai tsaye, ya miƙa wa ta biyun ragama, ta karanta tsohuwar RAM ta /proc/vmcore, ta zuba ta cikin /var/crash, sannan na'ura ta sake tashi.

Wannan killataccen wuri ɗakin ta biyun ne. Tun wajen kunnawa ake yanke shi, ta kalmar crashkernel da ke layin GRUB, manhajar da ke tada Linux, saboda daga baya RAM takan tarwatse gutsi-gutsi, ba a samun fili a dunƙule. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan: ko bayan faɗuwa, katin sadarwa ko na faifai na iya ci gaba da rubutu inda aka umarce shi tun farko. Wurin da tsohuwar kanel ba ta taɓa ba wa kowa ba, shi kaɗai ne amintacce.

Na taɓa fama da wata saba da ke mutuwa tsakar dare, kusan duk mako. Mun canja batirin UPS, mun zargi zafi har muka kafa mata fanka a gindi, na kwana biyu kan tabarma a ɗakin ina gadinta. Ashe wanda ya kafa ta ya cire crashkernel don ya tsimi RAM. Da na mayar, faɗuwa ta gaba ta bar mana fayil, na buɗe shi da manhajar crash, sai ga sunan direba, wato manhajar da ke sarrafa katin sadarwa, ɓaro-ɓaro. Wata biyu muna lalube, magana ta ƙare kafin azahar.

Adadin da ka gani shi ne wanda ake ba na'ura irin taka. Waɗanda suka haura gigabait 64 su ake ba 512. Kada kuma ka rage shi da sunan tsimi, don in ɗakin ya yi wa kanel ta biyu kaɗan, ita ma faɗuwa za ta yi, ka tashi babu tsuntsu babu tarko. Da kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai gigabait 2, da ban hana ka ba.

Sai dai ka sani, ɗauke wuta ba faɗuwar kanel ba ce. In NEPA ta yi halinta, kdump ba shi da abin da zai kwashe.

Ka gwada shi ranar Asabar da babu ɗalibai. Duba /sys/kernel/kexec_crash_loaded, ka tabbata 1 ne a ciki. Adana komai, sannan a matsayin root, mai cikakken iko da na'urar, ka buga echo c > /proc/sysrq-trigger. Na'urar za ta faɗi da gangan. In ta dawo, leƙa /var/crash ka ga ko fayil ɗin vmcore na nan, ka rubuto mini abin da ka tarar.