Dokar jiha ba ta kai ga mai ɗora sola ba

Malam, ka tambaya ko dokar lantarki ta jiha za ta kare ƙanenka mai ɗora sola a rufin gidaje. Gaskiya a'a. Dokar lantarki ta tarayya ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, har da ta hasken rana, amma maganar ƙwadago tana hannun tarayya. Wadda ta shafe shi ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010: kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar tarayya mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Sai dai yawancin yaran nan aikin yini suke, ba takarda. Na ga wani a kan kwano da silifas, rana tsaka, ko igiya babu a ƙugunsa. Ka ce ya tambayi ogansa ko an yi masa rajista a NSITF.