Allura da Alƙalami: Amsoshin Wasiƙunku Kan Labaran Masu Ɗinki

Tun bayan ƙaramar salla wasiƙu ke shigo mana a kan wani nau'in labari da ya cika wayoyin mata a Kano. Yarinya ce 'yar gidan rufin asiri, ta iya ɗinki, ta buɗe katafaren shago, matan manya na layi a ƙofarta, sai wani mai hali ya zo karɓar wa ƙanwarsa kaya, ya gan ta, ya rasa sukuni. Wasu na yabo, wasu na ƙorafi. Masu gyaran rubutu da masu koyar da ɗinki ne suka haɗu a kan waɗannan amsoshi.

Tambaya: Ni tela ce, shekarata tara a kan keke. Na fara wani labari mai daɗi, sai aka ce jarumar ta ɗauki atamfa turmi ɗaya ta fitar wa ƙawayen amarya huɗu anko a dare guda. Nan na ajiye shi. Ƙawata ta ce na cika tsanani, ai labari ne. Wa ke da gaskiya? (Mai shago a Rijiyar Lemo)

Amsa: 'Yar'uwa, ke ce da gaskiya, kuma kada ki ji nauyin faɗa. Turmin atamfa yadi shida ne, kowane yadi inci 36. In riga da zani za a yi, zani ya ɗauki biyu, ɗankwali ɗaya, saura uku na riga da hannuwa, kuma in mai kayan tana da jiki da ƙyar a samu ƙyallen da za a mayar mata. Siket mai yanka shida ko doguwar riga mai baza ƙasa kan lashe yadi da yawa su kaɗai. Ga kuma zanen atamfar: in manyan furanni ne, dole a zaunar da fure a tsakiyar ƙirji, a kuma sa na gaba da na baya su haɗu a gefe, wannan kawai na iya cinye rabin yadi. Leshi yadi biyar yake zuwa, kuma ba ya tsayuwa sai da shafi a ciki. To ta ina mutum huɗu za su fita a turmi ɗaya?

Batun dare guda ma haka. Riga da siket marar ado, daga awo zuwa zana alli, yanka, haɗi, saka zif, kalmasa da guga, ƙwararriya sai ta ba shi rabin wuni ko wuni. In da duwatsun da za a jera da hannu, maganar kwanaki ake yi. Kuma duk tela ta san abin da aikin dare ke haifarwa: a yanka hannu biyu duk na gefe ɗaya saboda ba a ninka yadin fuska da fuska ba, ko zaren da ya dace da kaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki gari ya waye a ga ya sha bamban. Abin takaicin, da marubuciyar ta bar atamfar ta gaza, ga biki jibi, ga kalar ta ƙare a kasuwa, da ta samu babi guda mai tsayar da numfashi a kyauta.

Tambaya: Don Allah a bar mu mu sha iska. Na dawo daga aiki a gajiye, na yi girki, yara sun kwanta, ina so in karanta abin da zai sa ni murmushi. Ba darasin ɗinki na zo ɗauka ba. (Ma'aikaciyar jinya, Tarauni)

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Muna tare da ke a nan. Labari mai sauƙi, mai kwalliya da biki da soyayya mai kyakkyawan ƙarshe, ba abin kunya ba ne, kuma iya rubuta shi baiwa ce. Ba mu ce a mayar da shi littafin makaranta ba. Amma ki lura da labaran da kika kasa mantawa: za ki ga a cikinsu kin ji ƙarar keke, kin ga ƙyallaye a ƙasa, kin ji faɗuwar gaban jarumar lokacin da ta ɗora almakashi a kan leshin da kuɗinsa ya fi jarinta. Sanin sana'ar ne ya kawo wannan daɗin, ko da ba a yi miki bayaninsa ba.

Tambaya: 'Ya'yana mata biyu ba su da aiki sai karatun waɗannan labarai a waya. Mahaifinsu ya ce in hana su. Ni kuma na ga babbar ta fara zanen riguna a bayan littafinta na makaranta. Yaya zan yi? (Uwa daga Gwale)

Amsa: Hajiya, hani kai tsaye ba ya cika aiki, sai dai ya mayar da karatun ƙarƙashin bargo. Abin da ya kamata ki sani shi ne, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi samun iko a kan littafin da aka buga aka kai kasuwa. Wanda ake sakewa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp ko a manhajar karanta labarai ta Wattpad, sau da yawa daga wayar marubuciya yake zuwa wayar 'yarki, babu wanda ya tsaya a tsakani. Don haka tacewar ta dawo hannunki.

Ki karɓi wayar cikin raha ki karanta da kanki. Kada ki tsaya a farko, domin shafukan kyauta kusan kullum tsaf suke. Ki leƙa tsakiya, wajen daren biki, da inda aka ce sai an biya kuɗi za a ci gaba. Ki tambaye su sunan marubuciyar da zauren da suke ciki. Abu na biyu da za ki duba ba batsa ba ce, shi ne yawan lissafin dukiya: labarin da kowane shafi sai an faɗi kuɗin jaka da takalmi da akwatunan lefe yakan sa yarinya ta raina abin da ke gidansu. Ita kuwa mai zanen riguna, ki nuna wa mahaifinta zanen. In ya amince, a kai ta wajen wata tela ta mutunci a unguwa lokacin hutun makaranta.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, matata ce ke karanto min. Me ya sa kullum jarumar sai Dubai ko Faris take sayayya? Kuma kowace atamfa a wajensu sufa ce. (Daga Fagge)

Amsa: Alhaji, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Kantin Kwari da 'yan kasuwa ke tahowa daga Nijar da Chadi da Kamaru su yi sari, a ce marubuciyar da ke zaune a Kano ba ta ga labari a cikinsa ba! Sufar da ake ta ambato ta kamfanin Vlisco ce, da ke garin Helmond a ƙasar Holan tun 1846, shadda gezna kuwa ta kamfanin Getzner ce a Ostiriya, kuma da mita ake auna ta, wanda ya ɗara yadi da inci uku da 'yan kai. Yawancin atamfar da mata ke ɗaurawa yau daga Sin take zuwa, kala-kala, daraja-daraja. Jarumar da aka ce gwana ce ya kamata a gan ta tana juya atamfa ta duba bayanta, domin ta ainihi kalar ciki da waje kusan ɗaya ce, mai araha kuwa bayanta fari-fari yake; tana karanta rubutun bakin zani; tana murza gefe da yatsa ta ji ko sitati ne ya ba shi kauri, wanda wanki ɗaya zai zubar.

Sannan ga marinar Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ga masu bugu da ke fito wa shadda da sheƙi da gudumar icce, ga masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa da akasarinsu suka durƙushe suka bar magidanta a zaune, ga ambaliyar da ta shiga Kwari a watan Agustan 2022 ta jiƙa dilolin kaya. Jarumar da mahaifinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne ta fi wadda ta sauko daga jirgi abin faɗa.

Tambaya: Ina rubutu, kuma ina so labarina na gaba ya kasance a kan mai ɗinki, amma ban taɓa hawa keke ba. Daga ina zan fara? (Ɗaliba, Kabuga)

Amsa: Ƙanwarmu, madalla da kika tambaya kafin ki rubuta. Ki nemi izinin wata mai shago ki zauna a gefe, ba wuni ɗaya ba, kuma in da hali ki haɗa da goman ƙarshe na azumi, lokacin da kaya ke jibge har rufi, mai shago ta daina karɓar sabon ɗinki amma 'yan'uwa da maƙwabta na ta rantsuwa da magiya. Ki tafi da littafi, ki rubuta maganganun da ake yi yadda aka faɗe su.

Ki fara da awo, don nan ne mutum biyu ke kusantar juna. Ana auna kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, ƙugu, mazaunai, tsawon riga, tsawon hannu da zagayen dantse. Awon zagaye ana raba shi gida huɗu saboda a ninke ake yanka yadi, sannan a ƙara inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi na rarar ɗinki. Wadda ta manta rarar nan ta kashe kaya, domin riga in ta yi yawa ana rage ta, in ta matse babu inda za a samo. Ki kuma sani mata da yawa a nan ba sa yarda tela namiji ya auna su, sai dai su aika da rigar da ta zauna musu a jiki a yi awo da ita. In rigar ta shekara biyu ce, mai ita kuma ta haihu a tsakani, rigima ta samu.

Rigingimun sana'ar su ne jarinki. Mai kaya ta zo da hoto daga Instagram, jikin mai hoton daban, yadin daban, ta ce lallai haka take so. An karɓi kuɗin kafin alƙalami an sayi shafi da zif da duwatsu, sai aka ɗaga bikin. Wuta ta ɗauke, man janareta ya cinye ribar. Yarinyar shago ta ɗora dutsen guga mai zafi a kan leshi ba ta shimfiɗa ƙyalle ba, ya narke ya bar tabo a gaban riga. Zif ya kumbura kamar maciji a baya saboda an ja yadin lokacin ɗinki kuma ba a manna masa gam ba. Wadda aka koya wa aiki shekara uku ta buɗe nata shagon a layi na gaba ta tafi da rabin masu kawo ɗinki. Sabon salon da jarumar ta ƙirƙira ranar Asabar, kafin wata Asabar an kwafe shi a shaguna biyar. Kowanne cikin waɗannan ya isa babi, kuma a irin wannan matsi ne ake gane halin saurayi: wanda ya zauna a mota yana danna hon, da wanda ya zagaya Kwari rumfa-rumfa da ɗan ƙyalle a hannu yana neman irin atamfar da ta lalace.

Wata shawara: ki rage Turancin da ake cusawa don burgewa. Ki ce shafi, kalmasa, hammata, wuyan riga, yadda teloli ke faɗa. In kin gama, ki ba wata tela ta karanta kafin ki saki shafin farko.

Tambaya: Labaran nan ne suka sa nake son ɗinki. A ciki wata uku kawai jarumar ta yi ta zama shahararriya. Ni wata nawa zan yi? (Budurwa, Ɗorayi)

Amsa: 'Yata, a wata uku za ki iya zani, hijabi da siket miƙaƙƙe, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Yanka riga mai kama jiki ba tare da tsoro ba kuwa, ki ba shi shekara ɗaya zuwa biyu a ƙarƙashin mai koyarwa. Ki fara da baƙin keke na ƙafa, irin su Butterfly, domin ba ya jiran wuta kuma gyaransa na da sauƙi. Makon farko ki cire zare, ki ja layuka a takarda, ki bi su da allura har ƙafarki ta saba, keken ya daina komawa baya. Daga nan ki koma kan tsofaffin zannuwa.

Ki riƙe waɗannan: allura mai lamba 14 ta atamfa ce, 11 ta yadi marar nauyi, 16 ta mai kauri. In kika ga zare na cukurkuɗewa a ƙasan ɗinki, kada ki zargi ƙoshiya tukuna, yawanci zaren sama ne ya yi sako-sako ko aka tsallake wata ƙugiya wajen zura shi. In ɗinki na tsallake, allurar ta dakushe ko an saka ta a karkace. Ki ɗiga wa keke mansa, ba man girki ba, ki goge, ki fara gwadawa a ƙyalle don kada man ya ɓata kayan mutane. Almakashin yadi kuma ki ɗaura masa alama, ki ɓoye shi, kada kowa ya yanka takarda da shi.