Amsa: Sayen gida a bayan gari, ta wajen Dawakin Kudu

Malam, ka ce hayaniyar cikin birnin Kano ta ishe ka, kana so ka sayi gida ta wajen Dawakin Kudu ka koma da iyali. Ni ma shekara shida ke nan da na bar cikin gari, kuma ban yi nadama ba. Iskar safe kaɗai ta isa.

Sai dai kada ka biya ko kobo sai ka je gidan da damina, cikin watan Agusta. Filin da ka gani garau da rani, wani lokacin fadama ce. Ni sai da na sake ɗaga katanga.

Yawancin filayen can gonakin gado ne aka yanka. Ka tabbata duk magada sun sa hannu, mata da maza, a gaban mai unguwa da dagaci, kada ka tsaya ga maganar dillali. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, don haka ka bi ta can.

Wutar lantarki kuwa, kada ka sa rai. Ka tanadi sola da rijiyar burtsatse tun farko. Ka kuma duba nisan makarantar yara da asibiti, musamman saboda uwargida.